Yau ɗalibata ta ce mini "albarka" a tsakiyar Beijin

Assalamu alaikum mutanen Kano. Ku yi haƙuri da hayaƙin da ke fita daga bakina, sanyi ne, yanzun nan na fito daga ajin Hausa da nake koyarwa a nan Beijin, kuma wallahi ba zan iya jira sai na kai gida ba.

Yau darasin kasuwa muka yi. Na ce wata ɗaliba ta zama mai shago, ni mai saye. Na ɗauki gyalen wuyana a matsayin turmin atamfa, na taya. Yarinyar nan ta dube ni, ta kaɗa kai, ta ce, "Albarka! Haba Alhaji, ko uwar kuɗi ba ka kai ba." Jama'a, Basiniya ce fa, shekararta biyu kacal da fara Hausa. Sai da na dafa tebur. Ashe mahaifinta ya yi shekaru yana kai yadi Kantin Kwari, a bakinsa ta tsinci maganar. Nan take na ji kamar ina tsakiyar layin nan, 'yan dako na cewa a ba su hanya. Idona ya ciko, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne majalisarmu ta Fagge, lokacin da na samu gurbi a Jami'ar Bayero, suka ce mini: "Hausa za ka karanta? Wadda ake yi a Kurmi kyauta?" To ga ta nan, ita ta sa aka buga mini biza, ita take biya mini haya. Mutanen nan tun 1963 suke watsa shirye-shirye da Hausa a rediyonsu, ba yau suka san darajarta ba.

Koyar da su akwai daɗi, akwai gumi. Karin sauti ba ya ba su wuya ko kaɗan, don nasu harshen kari huɗu gare shi. Sau ɗaya na nuna musu bambancin kukan yaro da kukar miya, suka kama. Amma ɓ da ɗ da ƙ, nan ake yin ta. Mako uku muka yi a kan "kafa" da "ƙafa", ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina nuna maƙogwaro. Sai kuma jinsi. A harshensu, da namiji da mace duk "ta" ake furtawa, a rubutu ne kawai ake bambanta su. Saboda haka kullum sai ka ji "Malam ta zo". Ba raini ba ne, bakinsu ne ya saba, amma ba na bari ya wuce, ko sau goma ne sai an maimaita. Kuma suna da naci. Ƙarfe bakwai na safe za ka same su a tsaye a harabar makaranta kowa yana karanta darasinsa da ƙarfi, kamar makarantar allo.

Ku ga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa can. Yuwan 3 (kuɗin Sin) ake farawa, ka shiga ba mai cewa ka matsa. Ran Juma'a shi nake bi zuwa unguwar Niujie, inda masallacin nan yake da aka ce tun shekarar 996 aka gina shi. A nan nake sayen naman halal. Taliyar Lanzhou kwano ɗaya wajen yuwan 20 nake ci, tana da romo, amma ba ta kama ƙafar gurasa bandasho ba. Yajin da Hajiya ta ƙullo mini saura kaɗan a gwangwani, da cokalin shayi nake aunawa yanzu.

Masu turo mini saƙo cewa suna son zuwa koyarwa, ku ji da kyau. Kada wani dillali ya ce ku shigo da bizar kasuwanci ko ta yawon buɗe ido wai a gyara daga baya. Bizar aiki, mai harafin Z, ita ce kawai. In ka sauka a gidan haya, cikin awa 24 ka je 'yan sanda su yi maka rajista. Kuma WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a nan haka kawai, ka sa wa mutanen gida WeChat, manhajar saƙo ta Sin, a waya tun kafin ka taso. Ni kwana huɗu na yi ban ji muryar Hajiya ba da na zo, ban so in tuna. Rigar sanyi kuma kada ka dogara da ta hunturun Kano, ba a kunna dumamar gidaje sai wajen 15 ga Nuwamba, kafin nan kana cikin bargo kana karkarwa.

Yarinyar ta ce in ta gama so take ta je ta ga Kwari da idonta, ta hau Dala. Na ce mata ta sauka a gidanmu, Hajiya za ta yi mata tuwo da miyar kukar da ta iya faɗa daidai. Bari in kira Hajiyar ma in sanar da ita, awa bakwai muke gabanku, yanzu ta idar da walaha.