Darasin Yau: Me Ke Sa Jikin Kwamfutar Tebur Yake Jan Mutum?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu a wani ƙauye ta wajen Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce duk sanda ya kai hannu bayan kwamfutarsa zai sa wayar firinta, sai ya ji wuta ta ɗan ja shi, har yaran shagon sun daina zuwa kusa.

To Malam, ka fara tantance irin jan. In tas ɗaya ka ji ya wuce, ka sake taɓawa ba ka ji komai ba, musamman da hunturu, wannan cajin jikinka ne da bushewar iska ta tara, irin wanda bargo ke yi da dare. Ba shi ne abin damuwa ba.

Amma in kana jin zirrr muddin hannunka na kan ƙarfen, ya fi ƙarfi in ba ka da takalmi a kan siminti ko kana gumi, to saurara. Wutar da ke shigo mana bolt 230 ce. A cikin kwamfuta akwai ɗan akwati mai fanka inda wayar wuta ke shiga, fawa saflai. A cikinsa akwai wasu ƙananan kafasita, wato 'yan kayan da ke riƙe caji, masu tace wuta, kuma da gangan aka haɗa su da jikin ƙarfen. 'Yar wutar da ke yoyowa ta cikinsu hanyarta ita ce ta bi waya ta uku ta shige ƙasa, wato atin. In babu atin, jikin kwamfutar zai iya ɗaukar kusan rabin wutar, wajen bolt 115. Ƙarfinta kaɗan ne, shi ya sa take tsikarinka ba ta jefar da kai. Kai ne ka zame mata hanyar zuwa ƙasa.

Saboda haka sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, wayarin ne da matsala. Ɗauki fulogin ka duba. Ƙafa uku gare shi, doguwar ta sama ita ce ta atin. Na sha ganin an karye ta don fulogi ya shiga soket, ko an tura tsinke a ramin sama an cusa mai ƙafa biyu. Sai ekstenshan ɗin nan mai araha na ranar kasuwa: ramuka uku a fuska, amma in ka cire shi daga wuta ka kwance, siraran wayoyi biyu ne kawai, ramin saman ba abin da aka haɗa masa. Wayar atin kore da ruwan ɗorawa ce, a tsohon wayarin kuma kore zalla. A ƙauyukanmu kuwa, tsakani da Allah, shago nawa aka ja wa waya uku? Mai janareta da mai sola ma haka, an ajiye inbata a lungu, ba wanda ya yi zancen ƙasa.

Maganin shi ne a kira mai wayarin da ya san aikinsa, ya kafa sandar atin mai rufin tagulla, ya ja waya daga nan zuwa soket. A nan ne ake ha'inci. Ƙasarmu ta Jigawa rairayi ce, in rani ya yi ta bushe ƙamas, busasshiyar ƙasa kuma ba ta karɓar wuta sosai. Guntun rodi da aka caka a bakin ƙofa ba atin ba ne. Sandar ta nutse da zurfi, a inda ke riƙe danshi. Masu aikin kan zuba gawayi da gishiri a ramin, yana taimakawa, sai dai gishiri na cin ƙarfe, don haka a riƙa duba mahaɗar. Ya gama, ya auna da mita a gabanka. Ka kuma sa ya ɗaura maka makunnin nan mai yanke wuta da kansa in ta yi yoyo, na miliamfiya 30, wato 30mA.

Kada ka yarda a haɗa maka atin da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikin soket wai an huta. Ranar da waya mai kawo wuta da ta nutural suka juye, jikin kwamfutar gaba ɗaya zai ɗauki wuta. Tsayawa kan katako ko sa silifas ma ba gyara ba ne, yaron da zai shigo ba takalmi fa?

In kuma jan mai ƙarfi ne har ya fizge maka hannu, ko ka ji ƙauri, ko fis yana yawan ƙonewa, zare fulogin daga bango nan take, kada a sake kunnawa. Wataƙila waya ta saɓule tana taɓa ƙarfe, ko fawa saflai ya lalace. Shi kuwa ba a buɗe shi a gida, don manyan kafasitan ciki na iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an cire wuta. Canza shi ake yi ɗungurungum.

Kafin mai wayarin ya zo, Malam, in za ka sa ko cire wayar firinta, kashe komai ka zare fulogi tukuna, don wannan 'yar wutar tana iya ƙona ramin USB. Sai tambaya ta gaba.