Kullutu a matsematsi bayan haihuwa: ba kowanne ne ƙaba ba

'Yar uwa, kin haihu, kin gama jego, sai watarana ki shafa ki ji wani ɗan kullutu a matsematsinki, yawanci gefen dama. A gida a ce kaluluwa ce, a asibiti a ce ƙaba ce, ai nauyin ciki da naƙuda sun saki naman wajen. To sau tari hakan ne. Amma akwai wani ciwo da ake kira endometiriyosis, wato tsoka irin ta shimfiɗar cikin mahaifa ta je ta tsiro a wani wajen daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi.

Ya aka yi ya isa matsematsi? Akwai wata jijiya da ke riƙe mahaifa, ta bi ta wannan hanyar da ƙaba ke fitowa, ita yake bi. Tun 1896 wani likita a Amurka, Thomas Cullen, ya rubuta irin wannan. Wadda aka yi wa CS kuma, wato tiyatar ciro jariri, yana iya tsirowa a jikin tabon ɗinkin.

Yanzu ki saurara da kyau don nan ne maganar take. Ƙaba in kika yi tari tana turowa, in kika kwanta sau da yawa sai ta koma. Wannan kullutun kuwa tauri gare shi, baya komawa, kuma da al'ada ta zo sai ya kumbura ya dinga zugi, in jini ya ɗauke ya lafa, wata mai zuwa ya sake, kuma mai shayarwa ma tana iya jin shiru sai ranar da al'adarta ta dawo. Wasu nasu baya bin wata sosai, shi yasa ake rikicewa, wani lokacin ma ƙabar da wannan ciwon ne tare.

Abin da ke damuna, kunya ce ke hana mu faɗa. Don Allah ki gaya wa likita da bakinki, "ciwon nan da al'ada yake tashi." Ki nemi a yi sikanin, in da hali MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, a haɗa ki da likitan mata. Maganin homon, wato sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada, na rage zafi, amma yawanci sai an yi tiyata an cire shi duka har da ɗan naman gefe, a kai lab a tabbatar, don in an bar saura yana iya dawowa.