Golar gidanmu mace ce, telanmu kuma namiji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da iskar nan, na san tana cika muku kunne. Yau Asabar, ƙarfe tara saura kwata, ga ni a bakin fili, lema a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yatsuna duk sun ƙage. Yayyafin Ingila kenan, bai zuba da gaske ba, bai kuma bar mutum ya sarara ba.

Bari in juya muku kyamarar. Kun hango waccan mai riga ruwan ɗorawa a bakin raga, tana ta tsalle don jini ya motsa? 'Yata ce, babbar, shekararta 11. Gola ce. Wannan kuma da ya lafe a jikina ya ƙi a ɗauki fuskarsa, autana ne, shekara 8. Shi ba ruwansa da ƙwallo, ko za a ci kofin duniya a gabansa. Kun ga gwangwanin da ya rungume? Allura ne a ciki da zare kala-kala da ƙyallaye. Saboda gwangwanin nan na kunna kyamara yau, amma ku bari a tashi wasa tukuna.

To, mun dawo mota. An ci su biyu da ɗaya, tana baya tana huci, kada wanda ya yi mata magana. Na ba su abin toshe kunne su kalli abinsu, don maganar da zan yi ta manya ce, kuma laifina zan faɗa.

Wata uku da suka wuce muna waya ta bidiyo da yayana. Autan nan ya rugo da murna ya nuna masa wata 'yar riga da ya ɗinka wa 'yartsanar yayarsa. Da hannu ya yi ta, har da maɓalli biyu, ɗaya ya ɗan karkace. Yaya ya ƙura ido, ya kwashe da dariya, ya ce, “Ke kuma ɗan daudu kike rainon mana a can?” Ni kuwa na yi dariya. Wallahi na yi. Ba don abin ya ba ni dariya ba, sai don yayana ne, kuma tun ina ƙarama ban saba mayar masa da magana ba. Yaron bai ma san ma'anar kalmar ba. Amma ya san dariyar raini idan ya ji ta, kuma fuskata ya kalla, ba ta kawunsa ba.

Bayan kwana huɗu ina fitar da shara na ji wani abu yana ƙara a ƙasan leda. Gwangwanin ne. Da kansa ya jefar, bai gaya wa kowa ba. Na tsaya a bakin ƙofa da ledar shara a hannu, na rasa inda zan sa kaina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin da ake nuna wa yaran nan biyu. Ita babbar, in ta faɗi a taɓo ta kama ƙwallo, cewa ake “jaruma, kamar namiji!” Yabo ne. Iyakar abin da ake ƙarawa shi ne, “a dai bi a hankali, kada ta rasa mijin aure.” Shi kuwa da ya riƙe allura, zagi ya samu kai tsaye. Mace ta yi abin maza, ta hau sama. Namiji ya yi abin mata, ya faɗo ƙasa. To me muke faɗa kenan game da aikin mata, mu matan da muke taya dariyar? Kuma abin mamaki, ranar da allura ta fara kawo kuɗi sai ta zama sana'ar maza, a kira mutum tela, a bi shi da rarrashi kafin ya ba ka ɗinkinka. Girki ma haka, manyan otal-otal maza ne suka cika ɗakin girkinsu. Sai in yaro ya yi a gida don sha'awa ne abin ke zama abin kunya.

Ita ma ƙwallon matan da ake tafa wa yanzu ba haka ta faro ba. A ƙasar nan da nake zaune, ranar 26 ga Disambar 1920, mutum kusan 53,000 suka cika filin Goodison Park a Liverpool don kallon wasan mata. Shekara guda bayan haka, a 1921, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana mata wasa a filayenta, wai wasan bai dace da su ba. Shekara 50 haramcin nan ya yi. Da a lokacin aka haifi 'yata, da ragar can da kuka gani ba ta isa ta tsaya a gabanta ba. Sai ga shi a 2022 mutum sama da 87,000 sun shiga Wembley sun kalli matan Ingila sun doke na Jamus sun ɗauki kofin Turai. Asisat Oshoala da hotonta ke manne a bangon ɗakin 'yata, sau 6 tana zama gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka, ita ma da bakinta ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ba da farko.

Ko launin kaya ma, da muke ɗauka kamar da shi aka halicci jarirai. A 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan yara a Amurka ta rubuta cewa ruwan hoda ya fi dacewa da yaro namiji don ya fi ƙarfi, shuɗi kuma na mace ne. Yau an juya, kuma akwai yaron da zai sha tsokana a makaranta saboda safarsa ruwan hoda ce.

Na san akwai mai kallo da zai ce zaman Turai ne ya juya mini kai. Shi ma Yaya haka ya ce. Amma abin da na kai masa ba daga Turai na ɗauko ba. Na bari sai da yara suka yi barci na kira shi, na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali. Sannan na ce, “Yaya, kai ka koya mini hadisin da aka tambayi Nana A'isha me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. A wata ruwayar ta ce yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa.” Ya yi shiru. Na ce, “Don girman Allah kada ka sake kiran ɗana da sunan nan, ko da wasa.” Muryata rawa take, ban ɓoye muku ba. Ya ce na cika ɗaukar abu da zafi, wasa yake da ɗansa. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Amma bai sake ba.

Sai maganar kuka, don autan nan hawayensa a kusa suke. Babansu ne mai yawan cewa “namiji ba ya kuka,” haka shi ma aka raine shi, ban ga laifinsa ba. Mun zauna a kan wannan ba sau ɗaya ba. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah yake gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki ya tambaye shi, ya ce masa rahama ce. To wane namiji ne ya fi wannan? Kuma akwai abin da ke ba ni tsoro. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Dalilan suna da yawa, ban ce daga hana kuka ba ne kawai. Amma yaron da aka koya wa haɗiye komai tun yana shekara 5, wa zai gaya wa damuwarsa in ya kai 25? Yanzu babansu in ya ga ya fara, sai ya ce, “Zo nan, me ya faru?” Da ƙyar take fita, amma tana fita.

Shi yaron kuwa, ban yi masa wani dogon jawabi ba. Na wanke gwangwanin, na shanya, na ajiye a kan teburin cin abinci tare da wata rigata da maɓallinta ya cire. Na ce, “Na yi kuskure da na yi dariya ranar nan, ka yafe mini. Ga rigata, in kana da lokaci.” Kwana biyu bai taɓa ba. A na uku na tarar da ita a kan gadona, maɓallin a ɗinke da jan zare, a jikin farar riga. Haka na sa ta na tafi aiki.

A makaranta ma an ɗan taɓa shi, don yara 'yan shekara 5 zuwa 7 sun fi manya tsauri a kan wannan na maza ne, wancan na mata ne, sai sun ƙara girma suke sassautawa. Na yi wa malamarsu magana ta sa ido. Shi kuma muka gwada amsa a gida, gajera, wadda zai iya faɗa ko da gabansa na faɗuwa: “Ina so ne, shi ya sa.” Ba gardama, ba bayani. Yayarsa ta ce ita in an taɓa shi a nuna mata yaron kawai. Na ce a'a, hajiya, safar hannunki ta kama ƙwallo ce.

Wani abin da nake kiyayewa kuma, ban manna masa suna. Ban ce masa kai daban ne, ban kuma tura shi ya zama abin nunawa a gaban baƙi. Yaro ne mai son ɗinki a wannan shekarar. Baɗi wataƙila ya koma kiwon kifi a kwalba, ko ya ce shi ma ƙwallon zai buga. Ita ma babbar, ranar da ta ce a yi mata lalle ta sa doguwar riga, ban ce mata “au, ashe ke mace ce” ba, ko da yake maganar ta zo mini har baki.

Af, ga shi an cire abin kunne. Me kika ce? Safar hannun ta yage? Nuna wa ƙaninki, ba ni ba. Kun ji wai sai ta biya shi. Bari in tayar da motar nan kafin su fara ciniki, gilashin duk ya yi hazo ban ma ganin hanya. Sai mun sake haɗuwa, a gaida mutanen gida.