Gilashin Wayid da Hajiyar da ke Ƙarshen Layi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Na zagaya na duba hotunan da kuka manna a bango, kuma abu huɗu zan faɗa a kan gilashin kyamarar nan mai faɗin gani da muke kira wayid.

Na farko, lambar da ke jikin gilashi ba ta isa ba sai an san sensar da ke bayansa, wato ɗan allon cikin kyamara da ke kama hoton. Babbar sensa, mai milimita 36 da 24, in ka ɗaura mata 24mm za ta ga faɗin digiri 74, 16mm kuma digiri 97. Amma yawancinmu ƙaramar sensa muke riƙe da ita. A Nikon da Sony ka ninka lambar sau 1.5, a Canon sau 1.6. Wato 18-55 ɗin nan da ke zuwa da kyamara, 18 ɗinsa 27 ne ko 29. Mai son wayid na gaske a ƙaramar sensa sai ya nemi Canon 10-18, ko Nikon 10-20, ko Tokina 11-16 mai f/2.8 in aikin dare ya fi masa yawa (lambar f ta ƙofar haske ce, ƙaramar lamba ta fi buɗewa).

Na biyu, a miƙo min hoton bikin can. Ba zan faɗi mai shi ba, ga shi can yana sunkuyar da kai. Amarya a tsakiya, tsaf da ita. Yanzu ku dubi Hajiyar da ke ƙarshen layi ta dama. Fuska ta baje kamar faifai, ɗaurin ɗankwali ya zame gefe, kafaɗa ta kusa cin mutum biyu. Gobe in ta ce ka ƙara mata ƙiba, da gaskiyarta.

Kuma gilashin lafiyarsa ƙalau. An ƙera shi ne don bango ya fito a miƙe, ƙofa ta fito a miƙe, shi ya sa duk abu mai zagaye da ya faɗa gefe, kamar kan mutum, sai ya jawu ta waje. A babbar sensa, a 16mm, kan da ke can ƙarshen hoto faɗinsa na ƙaruwa da kusan rabi. Rabi fa! A 24mm rubu'i ne. A 35mm kashi 12 cikin 100 ne, ido ba ya cika kamawa. Gyaran gilashi da kuke latsawa a manhajar Lightroom lanƙwasar layi yake miƙarwa, Hajiya tana nan yadda ka ɗauke ta.

Maganin shi ne ja da baya. Ga lissafi mai sauƙi a babbar sensa: a 35mm, faɗin da za ka kama daidai yake da nisanka. Layin mutane mita 5 ne? Koma baya mita 6, ka samu sarari. A 24mm faɗin ya ninka nisa sau ɗaya da rabi. Na san za ku ce ɗakin amarya ba wuri, gado ya cinye, kabet ɗin kwanuka ya cinye. To karya layin gida biyu ko uku, na gaba su zauna. Bar fili hagu da dama, bango ya sha jan, ai bango ba ya zuwa karɓar hoto. Daga baya ka yanke. In kuwa dole wani ya tsaya a gefe, sa siririn yaro, shi godiya ma zai yi.

Haka zancen hanci. Ana cewa wayid na kumbura hanci, alhali matsowa ce. In hanci na santimita 40 daga kyamara, kunne na 50, hancin ya rinjayi kunne da rubu'i. Ja zuwa mita 2, bambancin ya koma kashi 5 cikin 100, da gilashin nan dai ba a sauya ba. Ku gwada da 0.5 na waya, wajen 13mm ne, za ku ga abin dariya.

Na huɗu... na uku ne? To, gine-gine, lokaci ya tafi. Da ka ɗaga bakin kyamara sama, bangaye za su tsuke, gini ya zama kamar zai kife ta baya. Hasumiyar masallacin Agadas dama tsukewa take yi tana hawa, in ka ƙara mata naka sai ta koma tsinke. Riƙe kyamara a daidaice, kunna layukan saiti, ƙasan da ya yi yawa ka yanke. A marinar Ƙofar Mata kuwa, matsa kusa da ramin farko ka durƙusa: a babbar sensa, 24mm, f/8, fokas a mita 2.4, komai zai fito garau daga mita 1.2 har ƙarshen gani. Kada ka tsuke zuwa f/16 da hunturu sai ka goge sensa, ƙurar da ta shiga za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Na'am, ƙanena? Ɗaga murya. Ya ce in ya kunna filasha a 10mm, wata baƙar inuwa kamar rabin tire take fitowa a ƙasan hoto. Yauwa, filashar kan kyamara ce ko? Gajera ce, haskenta na cin karo da hular gilashin, inuwar hular kake gani. Cire hular tukuna. In ba ta tafi ba, jikin gilashin ne da kansa ke tarewa, sai ka zuƙo zuwa 18 ko ka ɗora babbar filasha. Ita ma yawanci faɗin 24mm na babbar sensa haskenta ke kaiwa, sai ka zaro ɗan farantin da ke kanta ya baza haske har 14mm. In silin fari ne kuma bai yi tsawo ba, harba hasken can ya sauko wa kowa. Kawo kyamarar taka in an tashi mu gwada a bangon nan.