Tsibirin Skomer: Dalilin Da Ya Sa Ba A Barin Hanya Ko Da Taku Ɗaya

Assalamu alaikum masu kallo. Tun da muka sa muku guntun bidiyon nan na ɗan tsuntsu mai jan baki yana ratsawa ta gaban ƙafafun mutane, tambaya ɗaya kuka fi aiko mana. Kun ji ana roƙon wani baƙo ya dawo kan hanya, alhali taku biyu kacal ya yi cikin ciyawa. Wasu sun ce tsanani ne kawai, wasu sun ce ko maciji ake jiye masa, wasu kuma sun ɗauka furanni ake karewa. Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Ku biyo ni.

Wannan shi ne Skomer, a gaɓar Pembrokeshire da ke kudu maso yammacin Wales, a Birtaniya. Girmansa duka bai kai murabba'in kilomita 3 ba. Daga Martin's Haven ake shiga ƙaramin jirgin ruwa, tafiyar kamar minti 15, kuma mutum 250 kawai ake bari su shiga a rana. Ba a zuwa da kare. Jakarka ma sai a rufe, don kada wani ɓera ya laɓe a ciki ya sami hayin banza. Ku riƙe maganar ɓeran nan, za mu dawo kanta.

Ga matakalar, hawa 87. A sama ma'aikacin tsibirin zai tara ku ya yi bayani, kuma abin da zai fi nanatawa shi ne kada kowa ya sauka daga hanya.

To, ku dubi ƙasar nan da kyau. Rami ne kusa da rami, ko'ina ka juya. Ɗakuna ne, kuma da masu su a ciki. Akwai zomaye, waɗanda mutane suka kawo tsibirin ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Akwai fafin, mai jan bakin da kuka gani. Sai kuma babban mai gida, tsuntsun teku da ake kira shiyawota na Manx, wanda za ka yi yini guda kana yawo ba ka ga ko ɗaya da rai ba. A ƙidayar 2018 an kiyasta ma'aurata kusan 350,000 a wannan ɗan tsibiri. Babu wani wuri a duniya da suka taru da yawa haka.

Za ku ce ta yaya aka ƙirga abin da ba a gani? Masu bincike sukan durƙusa a bakin rami, su kunna muryar tsuntsun da aka naɗa, su kasa kunne. In da mai gida a ciki, sai ya amsa.

Ramin yakan kai tsawon hannun mutum ko ya fi, amma rufinsa ƙasa ce 'yar kaɗan da saiwoyin ciyawa suka riƙe. Daga sama fili ne lumui, kore shar. Ka ɗora ƙafa, sai ta burma. Kai dai targaɗe ne iyakar abin da zai same ka. Wanda ke ciki kuwa ƙasa ta rufta masa, ko ƙwai ya fashe, ko kuma rufin ya buɗe ya bar ɗan tsako a sarari.

Nan ne nake so ku tsaya da ni. Shiyawota ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci, wannan ya yi kwanaki a rami ba ci, wancan yana can teku yana kiwo, har kimanin kwana 50. Bayan ƙyanƙyashewa, sai an ƙara kusan kwana 70 ana ciyar da ɗan. Kafin ma tsuntsun ya fara haihuwa, sai ya kai shekara 5 ko 6. Idan ƙwan ya fashe, wahalar shekarar ta tafi ke nan, sai baɗi in da rai. Kuma ramin da aka rusa shi ne wanda ma'auratan suke komowa duk shekara, bayan sun yi hunturu can gaɓar Ajantina da Burazil. A 1952 an ɗauki ɗaya daga Skokholm, tsibirin da ke maƙwabtaka da nan, aka kai shi Boston a Amurka aka sake shi. Cikin kwana 12 da rabi ya ratsa teku, fiye da kilomita 5,000, ya dawo raminsa. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan, sai in ga bai dace a rusa wa irin wannan halitta ɗaki saboda ɗaukar hoto ba.

Me ya sa suke ɓuya da rana? Ku ga waɗannan fukafukan da ke yashe a gefen hanya. Aikin babban tsuntsun can ne mai baƙin baya, wanda ake kira gal. Shiyawota gwani ne a sama da kan ruwa, amma ƙafafunsa suna can baya sosai, a tudu sai jan ciki. Don haka ba ya sauka sai dare ya yi, kuma ya fi son daren da babu wata. Ramin shi ne garkuwarsa. Da akwai manyan ɓeraye masu shiga rami su sha ƙwai, da garkuwar ba ta da amfani. Babu su a Skomer, shi ya sa ake sa ido a kan jakarka tun daga bakin ruwa.

Yanzu mu ɗaga ƙafa, don zagayen tsibirin ya kai kilomita 6 da ɗoriya. Ga tsohuwar gona a tsakiya, nan ake hutawa a ci guzuri. A watan Mayu furannin nan masu shuɗi suke rufe filin. Waccan mujiya ce mai farauta da rana tsaka, tana neman wani ɗan ɓeran daji mai cin ganye, wanda irinsa a nan kaɗai yake. Daga arewa, wajen dutsen Garland, ga dabbobin ruwan da ake kira sil sun baje a kan duwatsu suna shan hantsi. Farin tsibirin da kuke hangowa can yamma Grassholm ne, kuma farin nan tsuntsaye ne da kashinsu.

Sai Wick, wani lungun teku mai gaɓar dutse a tsibirin, inda aka ɗauki bidiyon. Fafin fiye da 40,000 ake ƙirgawa a tsibirin a 'yan shekarun nan, suna zuwa a Afrilu su tafi ƙarshen Yuli. Ku dubi wannan, bakinsa cike da ƙananan kifaye a jere, yana taku kamar mai gidan da ya dawo daga cefane. Mutane suna cewa ya saba da su ne. Gaskiyar ita ce raminsa yana ƙetaren hanya, ɗansa yana jira da yunwa, kuma gal yana shawagi a sama don ya ƙwace kifin. Duk daƙiƙar da ƙafafun mutane suka tare shi, dama ce ga ɗan fashin. In ka ga ya tsaya yana waige-waige, matsa gefe a kan hanyar, ka buɗe masa ya wuce.

Da yamma jirgi yake kwashe baƙin yini. 'Yan kaɗan da suka sami masauki a tsohuwar gona su ne suke fita cikin dare da tocila mai jan haske, don fari yana rikita tsuntsayen. Hoton ya yi duhu, ku yi haƙuri, kunne za ku sa. Waɗanda ke sama suna kira, waɗanda ke cikin ƙasa suna amsawa, daga filin nan da muka wuce ɗazu shiru kamar ba kowa. Bari in yi shiru ku ji.