Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyararsa zuwa Uluru, Ostireliya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da 'yan majalisar da suka rako Sarki, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa Hausawa mazauna Ostireliya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin 'yan'uwanmu da ke karatu da neman halaliya a wannan ƙasa, ina yi maka barka da sauka, sannu da hanya. Tafiyar ba kusa ba ce, ga shi kuma ba ka tsaya a manyan biranen bakin teku ba, ka ƙaro har tsakiyar hamada, wajen kilomita 450 daga garin Alice Springs, inda yau da dare za mu kalli nunin fitilu a sararin sama kusa da dutsen Uluru. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Sai dai akwai ladabin da muka koya a nan, kuma zan fara da shi. Marabar da nake yi maka ta baƙo ce ga baƙo ɗan'uwansa. Masu ƙasar nan su ne Anangu, masu magana da harsunan Pitjantjatjara da Yankunytjatjara, kuma su kaɗai ke da ikon yi wa mutum maraba da zuwa ƙasarsu. Namu shi ne mu ambace su, mu gaida dattawansu. To, mun gaishe su.

Dutsen da ka hango daga jirgi, mai tsayin mita 348, shi ne Uluru. A 1873 wani Bature mai auna ƙasa, William Gosse, ya laƙaba masa Ayers Rock, aka shekara fiye da ɗari masu shi ba su da ta cewa a kansa. Sai ranar 26 ga Oktoba, 1985 aka miƙa musu takardun mallaka, su kuma suka ba gwamnati haya ta shekara 99 bisa sharaɗin a riƙa gudanar da wurin tare, kuma su ne masu rinjaye a hukumar gudanarwa. Duk da haka baƙi suka ci gaba da hawa dutsen, Anangu suna roƙon a daina, har aka rufe hawan a 2019, a irin wannan rana ta 26 ga Oktoba. Shekara 34 suna haƙuri. Na kawo wannan ne domin wanda bai san shi ba zai ɗauka abin da za mu kalla yau wasan wuta ne kawai.

Sunan abin Wintjiri Wiru, an fara shi a watan Mayu na 2023. Da zarar rana ta faɗi, ƙananan jirage marasa matuƙa fiye da 1,100 za su tashi, kowanne da fitilarsa, kwamfuta tana tsara wa kowanne inda zai tsaya, har su zana siffofi a sararin sama. Ana haɗawa da hasken leza da hotunan da ake haskawa a kan rairayi da bishiyoyi. Muryoyin da za ka ji na Anangu ne, cikin harshensu, tare da waƙoƙinsu na gargajiya da suke kira inma.

Labarin wani yanki ne na tafiyar kakanninsu Mala, tsakanin Kaltukatjara da Mutitjulu, ƙauyen da ke gindin dutsen. Mutanen Mala sun zo Uluru yin bikinsu. Suna ciki sai saƙon gayyata ya iso daga mutanen yamma, suka ce ba za su iya zuwa ba, domin bikin da aka fara ba a katse shi. Waɗancan suka ji an raina su, suka turo Kurpany, wata muguwar halitta mai sauya kama. Luunpa, macen da ke da siffar tsuntsu, ta hango shi ta yi gargaɗi, ba a saurare ta ba. Ya afka musu, ya hallaka wasu, sauran suka gudu kudu. Su Anangu ba sa ɗaukar wannan a matsayin tatsuniya. Yana cikin Tjukurpa, wato dokarsu da tarihinsu da iliminsu na ƙasa, kuma suna nuna alamominsa a jikin dutsen. Aƙidarmu daban ce da tasu, Ranka ya daɗe, amma mun san darajar amanar da aka karɓa daga kaka da kakanni.

Abin da ya fi burge ni ba yawan jiragen ba ne. Kamfanin Voyages mai kula da masaukin baƙi a lokacin da aka shirya abin, da masu fasahar fitilu na kamfanin RAMUS, ba su zo da shirinsu a aljihu ba. Sun shafe shekaru suna zama da wakilan Anangu, kuma su Anangu ne suka yanke abin da za a nuna da abin da za a bari. Akwai sassan Tjukurpa da na maza ne kaɗai, akwai na mata kaɗai, akwai waɗanda sai wanda ya kai munzali ake gaya wa. Waɗannan ba za su hau sama ba ko da nawa za a biya. Gobe in ka zaga gindin dutsen za ka ga wuraren da aka hana ɗaukar hoto saboda wannan dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya san ƙofar da zai buɗe wa baƙo.

Ba zan ɓoye wa Sarki ba, akwai masu fargabar kada abu mai tsarki ya koma hajar sayarwa, akwai kuma masu tambayar ko nawa ne daga kuɗin baƙi ke isa gidajen Mutitjulu. Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a ci gaba da yin ta. Amma al'ummar da aka taɓa ƙwace wa 'ya'ya domin a raba su da harshensu, har sai da Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa a 2008, yau yaransu suna jin wannan harshe yana tashi a gaban baƙi daga ko'ina a duniya. Ni dai ina ganin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba a nan kaɗai ba ma: bikin Parrtjima na haska duwatsun Alice Springs tun 2016, Badu Gili kuma na haska zanen 'yan asalin ƙasa a jikin shahararren gidan wasa na Sydney tun 2017.

Roƙonmu ɗaya ne. A fadarka akwai dattawa da makaɗa da maroƙa masu riƙe da tarihin sarauta a ka. Duk ranar da wani ya zo da na'ura yana son nuna wa duniya wannan tarihi, muna roƙon Sarki ya sa a fara zama da su, a bar musu ikon cewa a'a, a kuma rubuta rabonsu tun kafin a kunna fitila.

An tanadi wurin alwala da sallar Magariba kafin mu hau dandamalin kallo, an kuma kawo barguna, domin sanyin hamadar nan da dare ba wasa ba ne.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.