Yadda ake mayar da bindigar ado ta koma kamar ta kakan kaka

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka. Ina da wata karamar bindiga irin ta kaboyi, mai gangar harsashi da ke juyawa, kwaikwayon Colt ce ta 1873, ta ado ce kawai ta rataye a majalisi, wato falon baki, ba ta harbi. Ta gaske kam a kasar nan ta Saudiyya sai da lasisin ma'aikatar cikin gida, kar wani ya jawo wa kansa. Matsalarta daya, kyallinta ya yi yawa, kana gani ka san jiya aka kera ta.

Fara da mayen karfe. In bai kama ba to zink ce ko alminiyam, ba za ta yi tsatsa ba, sai dai fenti. Tawa ta kama.

Na kwance katakon marikin, na wanke maiko tas da sabulun wanke-wanke, na sa safar hannu don ko zanen yatsa daya sai ya fito daga baya. Sai ka tsoma ta a khal, wato binega, fari din nan na bakala (kantin unguwa) mai asid kashi 5 cikin dari. Shi ke cinye bakin launin kamfani, kuma yana da sauri fa, duk bayan minti biyar ka duba, kar ka tafi shan shayi ka manta da ita.

Toh ga inda aikin yake. Khal da dan gishiri, ka shafa siriri-siriri, ba jikawa ba, ka rataye a baranda. Mu 'yan Jidda danshin teku ya gama mana rabin aiki, kafin gari ya waye ta yi ja, wanda ke Riyad kuwa sai ya yi hakuri ko ya rataye a bandaki. In launin ruwan kasa kake so ka goge da soson karfe mai laushi, lamba 0000, ka maimaita sau uku ko hudu. In baki-baki kake so ka tafasa ta a ruwa kamar minti ashirin, zafin ne ke juya jar tsatsa ta koma baka mai kama jiki.

Amma wallahi abin da ke tona asirin mutane shi ne su goge ko'ina daidai wa daida. Tsohon abu ba haka yake tsufa ba. Bakin bututun da kube ke goga, gefen gangar, kan kunamar baya da babban yatsa ke ja, nan ne ya kamata su yi haske, lunguna da gindin noti ka bar su da duhunsu.

Daga nan wanke da ruwan bekin soda ko kanwa ya kashe tsamin, in ba haka ba tsatsa za ta ci gaba da ci. Busar sosai, shafa man keken dinki, mayar da katako.

Au, in ta gado ce tsohuwa ta ainihi, don Allah kar ka kai mata khal, darajarta ce za ka wanke.